Gayyar Ɗakunan Karatu: Darasin Neman Bayani a Intanet

[Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta shi]

   

Yau shirin namu na faɗakarwa kan harkokin ilimi zai leƙa ɗakunan karatu na jami'o'i da manyan kwalejoji, wato laburare. Akwai wani darasi a hannun ma'aikatan waɗannan ɗakuna, wanda kowane ɗalibi ke bukata tun ranar da ya sa ƙafa a makaranta har ranar da zai miƙa kundin bincikensa: yadda zai nemo bayani, ya tantance sahihi daga na bogi, ya yi aiki da shi ba tare da ya ci haƙƙin mai shi ba. Za mu ji yadda ɗakunan karatu a Amurka da Kanada da Birtaniya da Norway suka haɗa hannu suka shirya wannan darasi a intanet, abin da ya yi musu kyau, da inda suka yi tuntuɓe. Daga nan mu dawo gida mu duba abin da ya rage gare mu. Ɗalibai a matso kusa, malamai da iyaye ma kada a yi nisa.

[Kiɗa kaɗan]

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. A makonnin farko na shekarar karatu akan tara sababbin ɗalibai a zagaya da su laburare. Ga su nan ɗari-ɗari, na gaba suna jin abin da jami'i ke faɗa, na baya sai dai su hango bakinsa yana motsi. A nuna musu inda ake ajiye jaka, a ce ba a shiga da abinci, ba a amsa waya, ga kantar littattafan shari'a, ga ta likitanci, ga ɗakin kwamfuta can a sama. Kafin awa guda an watse. Bayan wannan akwai kwas ɗin amfani da laburare da dabarun karatu, cikin darussan gama-gari da wasu jami'o'i ke kira GST, wasu GSP, wasu GENS. Malami ɗaya, babban ɗakin lacca cike maƙil, lasifika tana yi tana ɗaukewa. Ɗalibi ya haddace ma'anar katalog da bambancin tsarin Dewey da na Library of Congress, ya rubuta jarrabawa, ya ci, ya manta.

Sai shekara uku ta wuce. Ɗalibin nan ya kai aji huɗu, malamin da ke duba aikinsa ya ce masa, "Je ka kawo mini babi na biyu, kuma ina son in ga sababbin mujallu a manazartarka." Ƙarfe goma sha ɗaya na dare, laburare a rufe, jami'in da zai tambaya yana gidansa. Sai ya ɗauki waya ya zuba taken aikinsa gaba ɗaya a Google. Abin da zai fara cin karo da shi shi ne shafin masu sayar da kammalallen furojet, daga babi na ɗaya zuwa na biyar, a kan 'yan dubbai. Sauran labarin kun san shi.

Saurin kiransa malalaci ba zai warware komai ba. An ba shi darasin ne a lokacin da bai san amfaninsa ba, ranar da bukata ta taso kuma babu mai ba shi. Wannan giɓi ne ya sa ma'aikatan laburare suka fara shirya gajerun darussa a intanet, waɗanda ɗalibi zai buɗe a duk sa'ar da ya maƙale, ya tsayar, ya koma baya, ya maimaita, ba tare da jin kunyar kowa ba.

Ita wannan ƙwarewa ta neman bayani da tantance shi an daɗe ana magana a kanta. A shekarar 1974 wani Ba'amurke mai suna Paul Zurkowski, wanda ke shugabantar ƙungiyar kamfanonin harkar bayanai a lokacin, ya rubuta rahoto yana kira da a koya wa jama'a ita. A 1989 Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ta Amurka ta fitar da rahoton da ya zama madogara ga masu wannan aiki: mutum ya san lokacin da yake bukatar bayani, ya iya nemo shi, ya auna shi, ya yi amfani da shi yadda ya dace. A watan Nuwamba na 2005 kuma masana suka taru a babban ɗakin karatu na birnin Iskandariyya a Masar, da hannun hukumar UNESCO da ƙungiyar ɗakunan karatu ta duniya, IFLA, suka ayyana cewa wannan ƙwarewa tana cikin haƙƙoƙin ɗan'adam a zamanin da muke ciki.

A wurinmu kuwa abin ba baƙo ba ne. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi a zaure ya san ba a karɓar ruwaya sai an binciki isnadinta: wa ya faɗa, daga wa ya ji, sun haɗu kuwa, mai gaskiya ne, haddarsa tana da ƙarfi? Da wannan ma'auni su Imamu Bukhari da Imamu Muslim suka tace ruwayoyi tun ƙarni na uku bayan hijira. Irin tambayoyin da ya kamata ɗalibin jami'a ya yi wa shafin intanet ke nan: wa ya rubuta, ina ya samo, wa ya duba kafin a buga, kuma me yake nema da ni?

Abin da ya canza shi ne yawan bayanin da saurinsa. Da yawa daga cikinmu za su tuna watan Agusta na 2014, jim kaɗan bayan cutar Ebola ta shigo Legas. Cikin dare saƙo ya zagaya wayoyi cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Kafin gari ya waye ya game ƙasa, masu digiri da marasa shi suka bi, aka kwantar da mutane a asibiti, har aka yi asarar rai. A 2016 masu bincike na Jami'ar Stanford a Amurka suka tattara amsoshi sama da 7,800 daga ɗalibai. A cikin 'yan ƙaramar sakandare, fiye da kashi 80 cikin 100 sun ɗauki talla a matsayin labari na gaskiya, alhali an rubuta a jikinta cewa biyan kuɗi aka yi aka sa ta. A 2023 kuma wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000, saboda sun kafa hujja da hukunce-hukuncen da babu su a duniya, manhajar ChatGPT ce ta ƙirƙiro musu. Iya danna waya daban, iya tantance abin da wayar ta kawo daban.

[Kiɗa kaɗan]

To, yaya irin wannan darasi yake idan an buɗe shi? Mu ɗauki misali. Ɗaliba ce a tsangayar aikin gona, tana bincike a kan ƙuduji, ciyawar nan mai kyan fure da ke shanye gero da dawa tun daga saiwa. Ta buɗe darasin minti biyar a wayarta. Tana ganin allon kwamfuta yana motsi, murya tana yi mata bayani. Da farko aka ce kada ta zuba taken aikinta duka a akwatin nema. Ta ciro kalmomi biyu ko uku da su ne ƙashin bayan maganar: sunan ciyawar, sunan amfanin gonar, da yankin da take bincike. Aka nuna mata cewa mujallun kimiyya Striga hermonthica suke kiran ciyawar, kuma in ta sa sunan tsakanin alamun zance, na'ura za ta nemo kalmomin biyu a manne da juna. Aka nuna mata kalmar AND mai taƙaita sakamako, da OR mai faɗaɗa shi. Linzami ya gangara gefen allo ya danna wurin shekaru, aka rage zuwa shekara goma da suka wuce. Sakamakon da ya fara da dubbai ya dawo abin da za ta iya karantawa cikin mako guda. Sai bidiyon ya tsaya, tambaya ta fito: ga maƙaloli uku, wacce ce masana suka duba kafin a buga ta? Ta zaɓa, ta kuskure, aka gaya mata dalili, ta sake zaɓa. A ƙarshe aka nuna mata yadda za ta jera sunan marubuci da shekara da mujalla da shafi a manazarta. Gobe in ta manta, darasin yana nan inda ta bar shi.

Sai dai minti biyar a wurin mai kallo, kwanaki ne a wurin mai shiryawa. Sai an zauna an rubuta abin da za a faɗa, a naɗi allo, a naɗi murya a inda babu ƙarar janareta, a rubuta maganar a ƙasan hoto saboda masu lalurar ji, a tsara tambayoyi, a gwada da ɗalibai, a dawo a gyara. Laburaren da ma'aikatansa ba su taka kara sun karya ba, su ne a teburin aro, su ne a katalog, su ne a aji, ba zai iya shirya irin wannan ga kowane rumbun bayanai da kowane fanni ba. Ga kuma abin lura. Rumbun mujallu na AJOL fuskarsa ɗaya ce, ko daga Zariya aka buɗe shi, ko daga Maiduguri, ko daga Yamai. Ƙa'idar rubuta manazarta ta APA ba ta canzawa tsakanin Sakkwato da Katsina. In jami'o'i hamsin kowacce ta zauna ta shirya nata darasin a kan abu guda, an yi aiki ɗaya sau hamsin, darussa arba'in da tara da ake bukata kuma babu wanda ya taɓa su.

Manomanmu sun daɗe da sanin maganin wannan, shi ne gayya. Yau a taru a gonar wane, gobe a ta wane, kafin damina ta yi nisa an gama noman kowa. Abin da ɗakunan karatu na wasu ƙasashe suka yi ke nan, kowa da salon gayyarsa. Ku dakace mu, za mu kawo muku guda huɗu.

[Kiɗa]

Masu sauraro barkanmu da dawowa. Ga wanda ya kama mu yanzu, muna magana ne a kan yadda ɗakunan karatu na jami'o'i ke haɗa kai su shirya darussan neman bayani a intanet.

Misali na farko daga jihar Texas ta Amurka yake. A ƙarshen shekarun 1990, ma'aikatan laburare na Jami'ar Texas da ke Austin suka shirya wani darasi mai suna TILT, domin amfanin rassan jami'ar da ke faɗin jihar. Kashi uku suka raba shi: zaɓen inda za a nemi bayani, yadda za a nema, da yadda za a auna abin da aka samo, da 'yan wasanni da tambayoyi a tsakani. Ya yi farin jini har wasu makarantu suka riƙa neman a ba su. A 2001 masu shi suka sake shi da buɗaɗɗen lasisi, kowa ya ɗauka ya gyara ya sa sunan makarantarsa. Jami'ar Western Michigan ta ɗauka ta gina nata mai suna Searchpath, wasu kuma suka ɗauki Searchpath suka ɗora nasu a kai. A nan mai shiryawa ɗaya ne, amma da ya buɗe ƙofa sai aikinsa ya haihu.

Na biyu daga yammacin Kanada. Ɗakunan karatu na jami'o'in lardunan Manitoba da Saskatchewan da Alberta da British Columbia suna da ƙungiya mai suna COPPUL. A tsakiyar shekarun 2000 suka ɓullo da wani shiri da suka kira ANTS. Tsarinsa ya cancanci a saurara da kyau. An jera dukkan rumbunan bayanan da ke bukatar darasi a shafi guda da kowa ke gani. Ma'aikaci ya duba, ya zaɓi ɗaya, ya sa sunansa a gaba, don kada wani a wata jami'a ya ɓata lokaci yana maimaita shi. Ya shirya bisa ƙa'idojin da aka amince da su tare. In ya gama, ya ɗora bidiyon, ya kuma ɗora ainihin fayil ɗin da ya yi aikin da shi. Wannan na ƙarshen shi ne zuciyar tsarin. Wanda aka ba bidiyo kawai sai dai ya kalla. Wanda aka ba fayil ɗin asali zai iya cire tambarin wata jami'a ya sa na tasa, ya sauya murya, ya gyara wurin da ya tsufa. Daga baya suka buɗe shirin ga ɗakunan karatu na wajen ƙungiyarsu.

Na uku daga Birtaniya. A shekarar 2000 aka ƙaddamar da jerin darussa mai suna Virtual Training Suite, wata cibiya a Jami'ar Bristol tana jagoranta, hukumar JISC tana ba da kuɗi. Su ta fanni suka raba aikin. Darasin ɗaliban tarihi masana tarihi suka rubuta shi, na ɗaliban jinya masana jinya, malamai da ma'aikatan laburare daga jami'o'i daban-daban. Darussan suka haura 60, kuma a lokacin kyauta ne ga duk mai intanet a ko'ina yake.

Na huɗu daga Norway. Ɗakunan karatu na Jami'ar Bergen da Jami'ar Oslo da makarantar nazarin tattalin arziki ta NHH da wasu abokan aikinsu sun haɗu a kan wani shafi mai suna Søk & Skriv, wanda ke ɗaukar ɗalibi tun daga neman bayani, zuwa karanta shi, zuwa rubuta maƙala da ambaton madogara. A 2013 kuma aka buɗe wani mai suna PhD on Track domin masu digirin digirgir. Ga abin da ya fi jan hankalina a nan. Mutanen Norway duka ba su wuce miliyan biyar da rabi da 'yan kai ba. Jihar Kano kaɗai ta haura miliyan tara tun a ƙidayar 2006. Ɗaliban Norway suna jin Ingilishi sarai, amma duk da haka Søk & Skriv da harshensu aka rubuta shi, aka ajiye na Ingilishi a gefe. Sun ga cewa ɗalibi ya cancanci a yi masa bayani da harshen da yake tunani da shi.

[Kiɗa kaɗan]

Kada a ɗauka komai ya tafi musu sumul. Sun yi tuntuɓe, kuma gara mu san wuraren tun kafin mu kama hanya.

Tuntuɓe na farko kuɗi ne. Darussan nan na Birtaniya sun koma ƙarƙashin wata hidima mai suna Intute. A watan Yuli na 2011 aka rufe Intute bayan JISC ta janye tallafinta, aikin shekara goma ya rasa mai riƙonsa na asali. Duk abin da aka gina da tallafin wucin gadi, ba a shigar da shi cikin aikin yau da kullum na kowa ba, ranar da tallafi ya ƙare shi ma ya kama hanyar ƙarewa.

Na biyu fasaha. Darussa masu motsi da yawa na wancan zamani da manhajar Flash ta kamfanin Adobe aka gina su. Wayoyin iPhone ba su taɓa karɓar Flash ba, kuma ranar 31 ga Disamba 2020 kamfanin ya daina kula da ita baki ɗaya. Darasin da ba a sauya masa tsari ba kafin lokacin, ɗalibi ya buɗe ya tarar da allo fayau.

Na uku tsufa. Masu rumbunan bayanai suna sauya fuskar shafinsu ba tare da sallama ba. Maɓallin da bidiyo ya nuna a hagu ya koma dama, ɗalibi ya nema ya rasa, daga ranar ya daina yarda da darasin. Shi ya sa masu gogewa suke raba abu biyu. Darasin tunani, wato yadda ake zaɓen kalmomi da auna madogara, yakan daɗe bai tsufa ba. Darasin danna nan danna can kuwa a yi shi gajere, yadda sake naɗarsa ba zai zama aiki ba.

Na huɗu, kuma shi ya fi ciwo, a gama wahala ɗalibai su ƙi buɗewa. Darasin da aka ɓoye can cikin shafin laburare babu mai ganinsa. Wanda malami ya ce a kalla kafin a kawo aikin gida, ya kuma sa masa maki ko da biyar ne, shi ake kallo. Saboda haka gayyar ba ta ma'aikatan laburare kaɗai ba ce, dole malaman tsangayoyi su shigo.

[Kiɗa]

Yanzu mu dawo gida. Jami'o'in Nijeriya sun haura 250, ban da kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha da na aikin jinya. Kuma kayan aiki suna nan. Akwai shirin Research4Life, wanda ke buɗe wa makarantun ƙasashe masu tasowa dubban mujallu kyauta ko a kan kuɗi kaɗan: HINARI na lafiya tun 2002, AGORA na noma tun 2003, OARE na muhalli tun 2006, ARDI na ƙere-ƙere, da GOALI na shari'a. Akwai AJOL, rumbun mujallun Afirka da aka fara a 1998, wanda mujallun Nijeriya suka fi na kowace ƙasa yawa a cikinsa. Akwai DOAJ, jerin mujallun da ake karantawa kyauta, da aka kafa a Jami'ar Lund ta Sweden a 2003. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN ta zuba littattafan kwasa-kwasanta a intanet. Sau da yawa ɗalibi yakan gama jami'a bai san makarantarsa tana da kalmar sirrin shiga wasu daga cikin waɗannan rumbuna ba.

Inuwar da za a taru a ƙarƙashinta ma akwai. Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ta Nijeriya tana nan tun 1962. Akwai haɗakar ɗakunan karatu na jami'o'i, NULIB. Asusun TETFund yana ware kuɗi domin bunƙasa laburare a manyan makarantun gwamnati. A watan Nuwamba na 2019 kuma ƙasashe mambobin UNESCO suka amince da shawarar ƙarfafa buɗaɗɗun kayan koyarwa, waɗanda kowa zai iya ɗauka ya gyara ya raba.

A ce laburaren Kashim Ibrahim na Zariya ya ɗauki darasin AGORA, na Abdullahi Fodiyo a Sakkwato ya ɗauki rubuta manazarta, na Jami'ar Bayero ya ɗauki gane mujallun bogi masu karɓar kuɗi su buga komai, na Ramat a Maiduguri ya ɗauki HINARI, 'yan'uwanmu na Yamai da Maraɗi da Damagaram su sa wa darussan muryar Faransanci su ƙara da nasu. Kowa darasi biyu ko uku a shekara. Kafin a yaye aji ɗaya an tara abin da babu jami'ar da za ta iya yi ita kaɗai.

Amma a yi shi daidai da halin da muke ciki. Ɗalibinmu da waya yake karatu, data yake saye da kuɗin abincinsa, wuta kuma ba kullum ba. Don haka darasi ya zama gajere, mara nauyi, wanda za a sauke sau ɗaya a kalla ba tare da intanet ba, a tura wa aboki ta WhatsApp. A yi na murya zalla da na rubutu zalla, saboda ɗalibai makafi da kurame su ma su samu rabonsu. A yi shi da Ingilishi da Faransanci tunda da su ake rubuta jarrabawa, a kuma yi shi da Hausa, domin ɗalibin aji ɗaya da ya fito daga makarantar ƙauye ya fara gane abin kafin ya haddace sunansa. A sa masa buɗaɗɗen lasisi na Creative Commons tun ranar farko, a ajiye fayil ɗin asali inda kowa zai samu, a bar gurbin tambari a farkon bidiyo don kowace makaranta ta sa nata. Kowane darasi a rubuta sunan ofishin da ke kula da shi da watan da za a sake duba shi. Shugabannin makarantu kuma su lissafa wannan aiki cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma, don ma'aikacin da ya kwana yana naɗar darasi ya san ba a banza ya yi ba.

[Kiɗa kaɗan]

Kafin mu rufe, ga guzuri ga ɗalibai, wanda ba sai an jira kowa ba. Masu binciken nan na Stanford sun sake wani gwaji a 2017. Suka kawo malaman tarihi masu digirin digirgir, da ɗaliban jami'arsu, da ƙwararrun masu tantance labarai, suka ba su shafuka biyu na ƙungiyoyin likitocin yara masu suna kusan iri ɗaya. Ɗaya tsohuwar ƙungiya ce mai dubban likitoci, ɗayar kuma 'yar ƙarama ce da ta ɓalle. Yawancin ɗaliban suka tsaya kallon kyan shafi da tambari, suka zaɓi ƙaramar. Masu tantance labarai kuwa ba su daɗe a shafin ba. Nan take suka fita suka buɗe wasu shafuka suna tambaya: su wane ne waɗannan, me wasu ke cewa a kansu? Cikin ɗan lokaci suka gano gaskiya.

To ɗalibi, ka yi koyi da su. Kafin ka yarda da shafi, fita daga cikinsa ka binciki mai shi a wani wuri. In ka ga adadi ko maganar wani masani, bi ta har inda ta fito. In manhajar ƙirƙirarriyar basira ta ba ka sunan maƙala, kada ka sa ta a manazarta sai ka nemo ta ka gan ta da idonka. Duk maganar da ka ɗauko, faɗi mai ita, domin amana ce. Gobe kuma in Allah ya kai mu, ka shiga laburaren makarantarku ka nemi jami'in sashen kwamfuta, ka yi sallama ka ce, "Ranka ya daɗe, waɗanne rumbunan mujallu makarantarmu ke da su, kuma yaya zan shiga?" Aikinsa ke nan, kuma matambayi ba ya ɓata.

Malamanmu na tsangayoyi, a taimaka a ba jami'in laburare ko da rabin awa ne a aji, a daidai makon da aka ba da aikin bincike. Shugabannin ɗakunan karatu kuma, Allah ya ƙara girma, taronku na gaba a sa wannan magana a ajanda, a fito da jerin darussa goma, kowa ya sa sunan makarantarsa a gaban ɗaya.

A nan muka kawo ƙarshen shirin namu na yau.  Allah ya ba ɗalibanmu ilimi mai amfani, ya saka wa malamanmu da alheri. Sai mako mai zuwa idan mai duka ya kai mu. 

[Kiɗan rufe shiri]